Allon Haɗa Waya

Galmi garin albasa ne, cikin yankin Malbaza. Idan an cire albasa, manomi ba ya son ɗora buhunansa a mota sai ya san kuɗin da ake saye a Birnin Ƙwanni. In ya kai kaya ranar da kasuwa ta faɗi, ya yi hasarar kuɗin mota, ga shi albasa ba ta jiran kowa, ruɓewa take yi. Saboda haka yakan ɗauki salula ya kira dillalinsa. Kafin ya ƙirga goma, dillali ya amsa.

Masu talho a Ƙwanni suna da yawa ƙwarai. To, yaya aka yi kiran ya faɗa hannun wannan dillali shi kaɗai? Akwai wurin da ake haɗa mai kira da wanda ake kira. Wurin nan yana da tarihi.

A shekarar 1876 wani mutum mai suna Alexander Graham Bell ya ƙago talho a ƙasar Amurka. Talho na farko biyu-biyu yake aiki: waya ɗaya, kai ɗaya a wannan gida, kai ɗaya a wancan gida. Wanda yake son magana da mutum uku, sai ya ja waya uku.

Ku ɗauki alli ku gwada. Ku zana garuruwa 5: Ƙwanni, Malbaza, Illela, Madawa da Tawa. Ku ja layi daga kowane gari zuwa kowane gari. Za ku sami layi 10. In garuruwan 10 ne, layi 45 ke nan. In gidaje 100 ne, sai an ja waya 4950. Ina za a sami jan ƙarfen da zai isa? Amma in an sa ɗaki ɗaya a tsakiya, kowane gida ya ja wayarsa zuwa ɗakin, waya 100 ta isa. Abin da ya rage shi ne a sami mai haɗa su a cikin ɗakin.

Ranar 28 ga Janairu 1878, a garin New Haven na Amurka, George Coy ya buɗe irin wannan ɗaki. Talho 21 ne aka fara haɗawa. Coy ba shi da kayan aiki na kirki. Ya harhaɗa allonsa da ƙusoshin keken doki, da mariƙin marfin butar shayi, da guntayen waya. Hira biyu kawai allon yake iya ɗauka lokaci guda. Mutum na uku sai ya jira.

Daga baya aka kyautata allon. Ya zama babban katako a tsaye, cike da ramuka jere-jere, kowane rami da lambarsa. Kowane rami bakin wayar gida ɗaya ne. A gaban allon mai haɗa waya yake zaune, da abin saurare a kunne. Yana da gajerun igiyoyi, kowace da kan ƙarfe a gefe biyu. Mai kira yakan murza wani ɗan hannu a jikin talhonsa. Sai alama ta faɗo a kan raminsa. Mai haɗa waya ya cusa kan igiya cikin ramin, ya tambaye shi wa yake nema. Sa'an nan ya cusa ɗaya kan cikin ramin wanda ake nema. Wayoyi biyu sun zama ɗaya, magana ta wuce. In sun gama, ya zare igiya. Da Faransanci ana kiran wannan allo standard.

Samari aka fara ɗauka aikin. Ba su yi haƙuri ba: wasa, da ihu, da gatse ga masu kira. A watan Satumba na 1878 aka ɗauki wata mace, Emma Nutt, a birnin Boston. Mutane suka ji daɗin muryarta da ladabinta. Ba da daɗewa ba aikin ya koma hannun mata.

A Nijar ma an yi aiki da irin wannan allo cikin gidajen waya, tun zamanin Turawa har bayan samun ƴancin kai a 1960. Mai son kiran Yamai daga wani gari yakan je gidan waya, ya ba da lamba, ya zauna a benci har layi ya samu. Tsofaffin ma'aikata suna tunawa da wannan jira.

Amma allon yana da wani aibi: komi yana hannun mutum ɗaya. Yana iya jin hirar mutane. Yana iya haɗa ka da wanda ba ka nema ba. A birnin Kansas akwai wani Almon Strowger, mai sana'ar shirya gawa da binne ta. Ana ba da labari cewa cinikinsa ya ja baya, ya bincika, ya tarar matar abokin gasarsa ce take zaune gaban allo. Duk wanda ya nemi Strowger, sai ta haɗa shi da mijinta. Strowger bai tsaya faɗa ba. Ya zauna ya ƙago na'ura mai haɗa waya da kanta, ya sami takardar mallakarta a 1891. A 1892 aka fara aiki da ita a garin La Porte. Tun daga nan na'ura ta riƙa karɓe aikin, gari bayan gari. A yau kwamfuta ce take haɗa kira.

Ita ma wayar kanta sai da aka gyara ta. Idan wayoyi suna kusa da juna, maganar wannan takan shiga waccan, ga kuma ƙara. A 1881 Bell ya sami magani: a tufka wayoyi biyu kamar yadda ake tufka igiyar kaba. Da yake suna juya juna, ƙarar da ta zo daga waje takan taɓa su daidai wa daida, sai ta kashe kanta. Dabarar tana aiki har yau. In aka yanka wayar da take haɗa kwamfutoci, za a ga ƴan wayoyi 8 a ciki, an tufka su biyu-biyu, kowane biyu da launinsu: shuɗi, kore, ruwan lemu da ruwan ƙasa. Irin wannan waya ba a bari tsawonta ya wuce mita 100, don saƙo yana raunana.

Shi kuwa allo mai ramuka bai mutu ba. Ƙanƙancewa ya yi, ya shiga akwatin ƙarfe. Ana samun sa a bankuna, da asibitoci, da manyan ofisoshi. Da Faransanci sunansa panneau de brassage. Yawanci yana da rami 24 ko 48. Dogayen wayoyi suna tahowa daga ɗakuna ta cikin bango, a ɗaure su a bayan allon, ba a sake taɓa su. A gaba kuma gajerun igiyoyi suna haɗa kowane rami da na'urar da take rarraba saƙo. In ma'aji ya tashi daga ɗaki na 3 ya koma na 7, ba sai an fasa bango ba. Ma'aikaci ya zare igiya daga rami na 3, ya sa a na 7, shi ke nan. Ma'aikacin kirki yana rubuta lamba a kan kowace igiya. Rago ba ya rubutawa. Allonsa yakan zama kamar taliya a kwano, ranar da abu ya lalace kuwa sai a wuni ana neman bakin zaren.

Tsakanin gari da gari, yanzu haske ne yake ɗaukar magana. A 1966 Charles Kao, haifaffen ƙasar Sin da yake aiki a Ingila, ya nuna cewa zaren gilashi mai tsabta sosai zai iya kai haske nesa. A 1970 kamfanin Corning ya yi irin wannan zare. Kaurinsa bai fi na gashin kai da yawa ba, amma yana ɗaukar hira dubu-dubu lokaci guda. An ba Kao lambar Nobel a 2009. Da Faransanci ana ce wa zaren fibre optique.

An binne irin wannan zare a gefen babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi Dosso da Dogon Dutsi, ta ratsa Ƙwanni, ta nufi Maraɗi da Damagaram. Wani reshe ya yi arewa zuwa Tawa da Agadas. Nijar ba ta da teku, saboda haka zarenta yakan bi ta Gaya ya shiga Benin, ya sadu da manyan wayoyin da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku. A kowace tasha, zaren yana ƙarewa ne a kan allo mai ramuka.

Zaren yana da ƙarfin aiki, amma ba shi da ƙarfin jiki. Mai haƙar ƙasar gini a bakin hanya yana iya tsinka shi da sara ɗaya. Wasu kuma sukan tone shi suna zaton jan ƙarfe ne, su tarar da gilashin da ba mai saye. Kafin masu gyara su gano wurin, su narka bakunan zaren su liƙa su ɗaya-ɗaya da na'ura, banki ya tsaya, kuɗin da ɗa ya aiko wa uwarsa bai fito ba, manomin Galmi kuma yana ta kira, buhunansa na cikin rana.

Tambayoyi

Gidaje 6 suna son magana da juna ba tare da allo ba. Waya nawa za a ja? In akwai allo fa?

Mene ne ya sa Strowger ya ƙago na'urarsa?

Don me ake tufka wayoyi biyu-biyu?

Aiki

Ku tambayi wani tsoho a unguwarku yadda ake kai saƙon gaggawa daga garinku zuwa Yamai lokacin da yake yaro. Ku rubuta amsarsa da Hausa cikin layi 5.