Baba, Me Kake So Ka Yi Da Kwanakin Nan?

Mu Hausawa gaisuwar girma ba ta cika a bakinmu sai mun haɗa ta da tsawon rai. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara nisan kwana. Ni ma haka nake gaida dattawan da nake dubawa kowace safiya, kuma har zuciya nake faɗa. Sai dai shekarun da na yi ina jinyar masu ciwon dajin da ya riga ya ci jiki sun nuna mini wani abu da ke hana ni barci. Iyali kan sayar da gona da shanu su sayo wa majinyaci 'yan makonni, amma da wuya a sami wanda zai durƙusa kusa da gadonsa ya tambaye shi abin da yake so ya yi da makonnin.

A tsakiyar wata damina aka kawo mana wani dattijo manomi. Ciki ya kumbura kamar tulu, idanu sun yi ruwan ɗorawa, sauran jiki kuwa ƙashi da fata. Hoto ya nuna ƙari ya mamaye hanta har ya haura huhu. A ƙasarmu galibi ƙwayar cutar hanta nau'in B ce ke jawo wannan. Mutum kan ɗauke ta tun yana yaro, ta yi shekara talatin ko arba'in tana ɓarna shiru, sai an makara a gano. In ciwon ya kai nan, tiyata ba ta yiwuwa. Akwai magunguna masu tsadar gaske da kan ƙara wa wasu 'yan watanni, amma sai in hantar tana da sauran ƙarfi. Tasa ta riga ta gaza.

Babban ɗansa ya ja ni gefe a baranda, ya ce, "Likita, don girman Allah kada ka faɗa masa, zai karaya. Mun yi shawara da ƙannena, za mu sayar da fadama mu kai shi Masar." Na ga ƙauna a idon mutumin nan, na kuma ga tsoro. Yana tsoron rasa uba, yana kuma tsoron bakin duniya, kada a ce 'ya'yan wane suna da hali suka zuba ido ubansu ya tafi.

Kwana uku bayan haka ina zagayen dare, dattijon ya yafito ni. "Yaro, zo nan. Gero ya fitar da kai a waje?" Na ce, "Ya fitar, Baba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Na san abin da ke jikina. Haka cikin mahaifina ya yi. Yaran nan suna ɓoye mini, ni ma ina ɓoye musu cewa na sani, don kada hankalinsu ya tashi." Na jawo kujera na zauna. Na ce, "Baba, in Allah ya ara mana kwanaki, me ka fi so ka yi da su?" Bai yi dogon tunani ba. An sa ranar auren autarsa bayan kaka, wata huɗu nan gaba, kuma yana so ya zauna a zaurensa ranar da za a shafa fatiha. Ya ce, "In a kan gadon nan zan ji labari, ku mai da ni gida tun yanzu."

Da izininsa na tara iyalin washegari: uwargidansa, ƙaninsa, da 'ya'yansa maza uku. Na ce musu ajali na Allah ne, babu likitan da ya san ranar kowa. Amma abin da na saba gani a jiki irin wannan makonni ne, wata huɗu ya yi nisa. Na ce in an bi hanyar Masar, rabin makonnin za su tafi wajen neman biza da tikiti, sauran kuma a ɗakin da ba mai jin Hausa, kuma maganin da za a ba shi can ba zai tayar da hantar da ta mutu ba. Babban ɗan ya sunkuyar da kai yana kuka. Ƙanin dattijon ne ya yanke maganar: "Yaya, in haka ne a matso da ranar. Ni zan je in sami dangin angon."

A nan mutane da yawa ke kuskuren fahimtarmu, su ɗauka mun sallami majinyaci ne don mun cire rai da shi. Aiki ne muka yi sosai kafin ya tafi. Mun zuƙe masa ruwan ciki har ya iya jingina ya yi numfashi. Mun fara ba shi mofin na ruwa, maganin kashe raɗaɗi, ɗan kaɗan saboda raunin hantarsa, ana ɗiga masa a baki da sirinji marar allura, a kan agogo, ba tare da an jira ciwo ya taso ba. Mun haɗa da maganin sakin ciki, domin mofin na ɗaure ciki. Mun koya wa matar ɗansa yadda za ta riƙa juya shi don kada baya ya yi gyambo, da yadda za ta jiƙa masa leɓe in ya daina karɓar ruwa. Na ba su lambar wayata.

Tsoron mofin ya yi yawa a cikinmu, har a cikin ma'aikatan lafiya. Wasu na ganin ƙwaya ce irin wadda ke lalata matasa, wasu na cewa allurar ƙarasawa ce. In likita ya auna shi daidai da ciwon mutum, abin da yake yi shi ne ya ba mara lafiya damar yin barci, ya yi sallah cikin natsuwa, ya yi magana da jikokinsa. Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ita ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta kuma nuna cewa ba da maganin a kan lokaci ya fi jiran sai mutum ya fara ihu. Ta koyar cewa raɗaɗin mai jinyar ƙarshe ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da damuwar iyali, da tsakaninsa da Mahaliccinsa. Anne Merriman, likitar da ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa irin wannan jinya a Kampala ta Uganda a 1993, da garin mofin da ake damawa da ruwa a zuba a kwalba, mai araha. Daga 2004 Uganda ta yarda ma'aikatan jinya da aka horar su rubuta shi. A ƙasarmu kuwa har yau akwai garuruwan da mai ciwon daji zai mutu yana cizon bargo alhali maganin bai kai kuɗin motar zuwa asibiti ba. Wannan yana ƙona mini rai.

Kada kuma a ɗauka kullum ciniki ne, wai sai an rage kwana kafin a sami sauƙi. A 2010 likitoci a birnin Boston na Amurka sun fitar da sakamakon bincike kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu. Duka an ba su maganin daji, amma rabinsu an haɗa musu da jinyar rage raɗaɗi tun daga farko. Waɗannan sun fi samun kwanciyar hankali, waɗanda suka nemi magani mai wahala a ƙarshe a cikinsu ba su kai na sauran yawa ba, kuma matsakaicin abin da suka rayu ya haura wata 11, na sauran bai cika wata 9 ba.

Zaɓin kuwa ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Na yi jinyar wata malamar makaranta mai ciwon dajin mama, 'yar shekara talatin da wani abu, da yara ƙanana uku. Na yi mata bayanin wahalar maganin daji na kimo, amai da zubewar gashi da kasala. Ta ce, "Likita, ko wata ɗaya zai ƙara mini, ina so. Ƙaramin bai riƙe fuskata ba tukuna." Muka ci gaba, kuma daidai ta yi, domin ita ta zaɓa bayan ta ji gaskiya. Wanda ke damuna shi ne wani bawan Allah da ban tambaya ba, a farkon aikina. Na bi umarnin danginsa, na yi ta ƙarin ruwa da ƙarin jini, kullum yana cewa a kai shi gida ina cewa sai ya ji sauƙi. A daren Sallah ya cika, da robar iska a hanci, matarsa na waje saboda lokacin ziyara ya wuce. Har yau ina neman gafarar Allah a kan wannan.

Don haka in naka na kwance, ka tambayi likita kai tsaye: maganin nan warkarwa zai yi, ko jinkirtawa? In jinkirtawa ne, kamar na tsawon wane lokaci, kuma a asibiti za a yi kwanakin ko a gida? Sannan ka koma wurin mai jikin. Ba dole ba ne ka ɗora masa labarin da bai nema ba. Ka ce, "Baba, me ke ranka?" ka yi shiru ka saurara. Yawancinsu sun riga sun sani, jira suke a ba su fili. Wani bashi ne yake so ya biya, wani ɗan'uwa ne da suka yi shekaru ba sa magana yake so a kira masa, wata kuma so take ta kwana a ɗakinta.

An ɗaura auren ranar Juma'a, kwana goma sha biyu bayan an sallami dattijon. Babban ɗan ne ya ba ni labari da ya dawo mini da sauran maganin. Ya ce sai da tela ya rage babbar rigar, domin ta yi masa yawa. An ɗauko shi a kujera aka ajiye a zaure, ya sa hularsa da hannunsa, ya karɓi gaisuwar mutane ɗaya bayan ɗaya, da yamma kuma ya sa aka kira amarya ya dafa kanta ya daɗe yana addu'a. Ya sha fura cokali uku ranar. Bayan mako biyu ya rasu da asuba a ɗakinsa, ƙaninsa na riƙe da hannunsa. Fadamar tana nan ba a sayar ba. Kafin ɗan ya tafi ya ciro ƙullin leda daga aljihu ya ajiye a kan teburina, goro ne da dabino na ɗaurin auren. Ya ce Baba ne da kansa ya ce a ware wa yaron nan na asibiti.