Takardar NCE Kaɗai Ta Isa?

Tambaya: Na gama NCE a nan Zariya. Na kai takarduna makarantun kuɗi a Sabon Gari da Samaru, har yau shiru kake ji. Wani ya ce in nemi ta ƙauye. Don Allah me masu ɗaukar malamai suke dubawa?
Mai karatu, daga Muciya

Amsa: Ƙanena, NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa a Najeriya, duk wanda ke layi tare da kai yana riƙe da ita. Ka fara haɗa ta da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993.

Sai ka tuna 2017. Gwamnatin jiha ta Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa cin kashi 75, aka sallame su. An sha cacar baki kan adalcin abin, har ƙungiyar malamai ta tafi yajin aiki, amma da yawansu da takardunsu a hannu suka faɗi. Shi ya sa mai makarantar da ya san abin da yake yi zai miƙa maka alli ya koma bayan aji ya zauna. Ka shirya darasi ɗaya na minti goma, ka iya shi kamar sunanka.

A Samaru 'ya'yan ma'aikatan jami'a za ka koyar, iyayensu kuwa suna buɗe littafin yaro da dare. Za a saurari Turancinka, a duba yadda kake tsara darasi, a tambaye ka kwamfuta, tunda da ita ake rubuta JAMB. A Sabon Gari ajin ya haɗa ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe da ɗan Ibo. Albashin dai, sai haƙuri.

Makarantun gwamnati na ƙauye, irin na Soba da Kudan, ta hukumar SUBEB ake shiga. Abin da ke ran hedimasta a can guda ne: wannan zai zauna, ko bayan wata uku zai fara neman canji? Yana son wanda zai riƙe aji biyu a ɗaki ɗaya, ya warware lissafi da Hausa, in damina ta kwashe yara zuwa gona ya bi iyayensu har wajen dagaci ba tare da raini ba. Da ni ne kai, can zan nufa in yi shekara biyu. Amma ka binciki lafiyar hanya da wurin kwana kafin ka karɓi takardar kama aiki.