Darasi: Yadda Za Mu Auna Waƙoƙin Zamani Masu Ɗauke da Sunan Yesu



Duk wanda ya bi bakin kwatar ruwa a Kadawa, ko Kura, ko Bunkure a lokacin noman rani, zai ga matasanmu suna ban ruwa ko tsinkar tumatir, waya a aljihu, kiɗa na tashi. Da yawa cikin waƙoƙin nan na Kiristoci ne, amma kiɗansu ya sha bamban da wanda muka saba ji a majami'a. Iyaye suna cewa hayaniya ce kawai, matasa kuwa suna cewa bishara ce cikin harshen zamaninsu. A wasu wurare maganar ta kai ga 'yan kwaya, inda ake gardama ko ya halatta a shigo da irin wannan kiɗa cikin Misa. Idan muka yi sakaci, ko dai mu kori 'ya'yanmu da faɗa, ko kuwa mu bar su suna haɗiye kowace koyarwa don an naɗe ta da kiɗa mai daɗi. Manufar wannan darasi ita ce mu san waɗannan waƙoƙi, mu ji abin da Ikkilisiya ta koya, sa'an nan mu sami ma'aunin da za mu riƙa auna su da shi.

1. Ina ne asalin waɗannan waƙoƙi?

Iri uku ne suka fi yawa. Na farko shi ne rok, mai amfani da gita ta lantarki da ganguna. Na biyu shi ne metal, wanda reshe ne na rok, sai dai ya fi nauyi da ƙara, mawaƙin ma wani lokaci ihu yake yi. Na uku shi ne hip-hop, wanda Hausawa suke kira gambarar zamani, inda ake jero magana da sauri a kan kiɗa.

A Amurka ne Kiristoci suka fara sa bishara cikinsu. A 1969 Larry Norman ya fitar da kundin Upon This Rock, wanda ake lasafta shi cikin na farko a rok na Kirista. Ƙungiyar Stryper ta yi suna a 1986 da kundin To Hell with the Devil, har ta riƙa jefa wa 'yan kallo Littafi Mai Tsarki daga kan dandali. A 1995 ƙungiyar DC Talk ta fitar da Jesus Freak. Wasu daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin sun ci gaba da aiki: a 2024 Stryper ta fitar da When We Were Kings, Skillet ta fitar da Revolution, P.O.D. kuma ta fitar da Veritas. A fagen gambara, kundin Lecrae mai suna Anomaly ya hau matsayi na ɗaya a jerin Billboard na Amurka a 2014, kuma Church Clothes 4 na 2022 ya sami lambar Grammy a 2024.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba. Panam Percy Paul ya daɗe yana yabon Allah da gita. A 2004 Jeremiah Gyang na Jos ya fitar da Na Ba Ka, inda ya haɗa Hausa da kiɗan zamani. Solomon Lange ya shahara da waƙoƙin yabo cikin Hausa. Limoblaze, wanda aka haifa a Makurdi, ya yi waƙa tare da Lecrae a 2022, ya kuma fitar da kundin Young & Chosen a 2024.

Mafi yawan waɗannan mawaƙa ba 'yan Katolika ba ne, amma akwai namu a ciki. Fada Stan Fortuna, ɗan ƙungiyar Waliyyi Faransis a birnin New York, ya yi wa matasa wa'azi da gambara shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2023. Matt Maher kuma, ɗan Kanada, ya rera waƙa a durƙushe gaban Sakramenti Mai Tsarki a taron matasan duniya na Rio de Janeiro a 2013, Paparoma Faransis yana wurin.

2. Me Littafi Mai Tsarki ya koya?

Littafi Mai Tsarki bai ƙi kayan kiɗa ba, bai kuma ƙi ƙara ba. Zabura ta 150 ta jera ƙaho, da molo, da garaya, da ganga, da sarewa, da kuge masu amo, ta ce a yabi Allah da su duka. Dawuda ya kaɗa wa Sarki Saul molo, mugun ruhu ya rabu da shi (1 Sama'ila 16:23). Manzo Bulus ya umarci Kolosiyawa su koya wa juna, su gargaɗi juna da zabura da waƙoƙin ruhaniya (Kolosiyawa 3:16). A nan muna ganin cewa waƙa makaranta ce.

Amma akwai gargaɗi. A Littafin Daniyel, sura ta 3, kiɗa ne alamar da Sarki Nebukadnezzar ya sa domin jama'a su faɗi su yi wa gunki sujada. Annabi Amos kuma ya faɗa wa Isra'ila cewa Allah ya gaji da amon waƙoƙinsu, tun da babu gaskiya da adalci a zamansu (Amos 5:23-24). Ashe kiɗa ɗaya yana iya kai mutum gaban Allah, yana kuma iya kai shi gaban gunki. Shi ya sa Bulus ya ce wa Tasalonikawa su gwada kome, su riƙe abin da yake mai kyau (1 Tasalonikawa 5:21).

3. Darasi daga tarihin Ikkilisiya

Wannan gardama ta girme mu ƙwarai. A ƙarni na huɗu wani firist na Iskandariya mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗan Allah halitta ne. Ya sa koyarwarsa cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, matuƙan jirgin ruwa da matafiya suka yaɗa su gari gari, har sai da Majalisar Nisiya ta zauna a shekara ta 325 ta ƙaryata shi. A ƙasar Suriya kuma, da Waliyyi Ifraimu ya ga waƙoƙin 'yan bidi'a sun kama bakin jama'a, sai ya tsara nasa masu koyarwar gaskiya, ya koya wa ƙungiyoyin mata su rera. Ya gane cewa hani kaɗai ba ya fitar da waƙa daga bakin mutum, sai an ba shi wadda ta fi ta.

Waliyyi Agustin, ɗan Afirka, wanda aka haifa a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya ba da labarin yadda waƙoƙin ikkilisiyar Milan suka sa shi kuka a lokacin tubarsa. Duk da haka ya yi wa kansa kashedi cewa idan daɗin murya ya fi motsa shi bisa ga ma'anar abin da ake rerawa, to ya kauce. Wannan kashedi ya dace da zamaninmu ƙwarai.

Mu ma a ƙasar Hausa muna da namu tarihin. Iyayenmu da suka karɓi bishara sun yi hattara da goge da garaya domin alaƙarsu da wasan bori. Amma ganga da tulu da caki sun sami shiga, har yau kuma Zumuntar Mata Katolika tana yabon Allah da su. Abin da suka yi shi ne tantancewa, kuma shi ne aikin da ya rataya a wuyanmu yanzu.

4. Koyarwar Ikkilisiya game da kiɗan Misa

A 1903 Paparoma Piyus na Goma ya bayyana cewa kiɗan sujada dole ya kasance mai tsarki, mai kyan tsari, wanda kuma kowane mai bi zai ji ya dace da ɗakin Allah. A ran 4 ga Disamba 1963 Majalisar Vatikan ta Biyu ta fitar da takardarta a kan sujada. A cikinta ta ba waƙar Giregori matsayi na farko, amma ta umarta a girmama kaɗe-kaɗen gargajiya na al'ummai, musamman a ƙasashen mishan. Ta yarda a yi amfani da wasu kayan kiɗa ban da ogan, muddin hukumar Ikkilisiya ta wurin ta amince, sun dace da martabar majami'a, suna kuma gina masu bi. Ta ƙara da cewa kalmomin waƙa su yi daidai da koyarwar Katolika, a ɗebo su musamman daga Littafi Mai Tsarki da addu'o'in sujada. Umarnin da ya biyo baya a 1967 ya ce kada kayan kiɗa su danne muryar jama'a. A 1995 kuma, a Yawunde ta ƙasar Kamaru, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa hannu a takardar da ta ƙarfafa ikkilisiyoyin Afirka su dasa bishara cikin al'adunsu.

Daga nan za mu fahimci cewa akwai bambanci tsakanin waƙar Misa da waƙar Kirista. An tsara kundin Skillet ko na Lecrae domin dandali da kunnen mai sauraro. Mutum ɗaya ne yake rerawa, sauran suna ji. Waƙar Misa kuwa ta dukan jama'a ce, tsohuwa da yaro su iya ɗauka, kuma tana tafiya da abin da ake yi a bagade. Saboda haka waƙa tana iya zama mai kyau a gona ko a taron matasa, amma ba ta da wuri a lokacin karɓar Jibi Mai Tsarki. Hukunci a kan wannan yana hannun Bishop da Fadan da yake kula da majami'a, ba a hannun mai gita ko shugaban kwaya kaɗai ba.

5. Ma'auni huɗu

Mu manoman rani mun san cewa ruwan da yake fitowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ne ya mai da yankin nan ƙasar shinkafa da alkama da tumatir. Mun kuma san cewa wanda ya buɗe ƙofar ruwa ya tafi barci zai tarar da gonarsa ta jiƙe fiye da kima, har da irin ciyawa ya shigo. Wayar da take hannun ɗanka ƙofar ruwa ce. Ga tambayoyi huɗu da za su taimake mu tsare ta.

Na ɗaya, me waƙar take faɗa? Yawancinsu da Turanci ne mai sauri. Kada mu rera abin da ba mu fahimta ba. A nemi wanda ya iya ya fassara. Idan waƙa ta ce mai bi ba zai taɓa yin ciwo ko talauci ba, ko ta mai da Allah kamar mai biyan riba ga wanda ya ba da kuɗi, ta saɓa wa gicciye. Manomin da tsutsa ta cinye masa tumatir a 2016 bai rasa bangaskiya ba, jarraba ce ta same shi.

Na biyu, me ta bari ba ta faɗa ba? Waƙoƙin 'yan'uwanmu na wasu ɗariƙu sukan yi magana mai kyau a kan tuba da alherin Allah, mu karɓa da godiya. Amma da wuya ka ji zancen Misa, ko furta zunubi ga firist, ko Uwarmu Maryamu a cikinsu. Matashin da abincinsa ke nan kaɗai zai tashi da rabin gādonsa.

Na uku, wane 'ya'ya take haifarwa? Ubangiji ya koya mana cewa da 'ya'yansa ake gane itace (Matiyu 7:16-20). Bayan ka saurara, zuciyarka ta karkata ga addu'a da haƙuri, ko kuwa ga fushi da taƙama da raina iyaye? Mu kuma kula kada mu ɗora bangaskiyarmu a kan mawaƙi. Kanye West ya fitar da Jesus Is King a 2019, Kiristoci da yawa suka yi murna, amma a 2022 ya yi maganganun ƙiyayya ga Yahudawa har manyan kamfanoni suka yanke hulɗa da shi. Mu yi masa addu'a, mu kuma tuna cewa Mai Ceto ɗaya ne.

Na huɗu, a ina, kuma da wane lokaci? Muna zaune da maƙwabta Musulmi, kwata ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Wanda ya ƙure lasifika a lokacin sallarsu, ko da tsakar dare mara lafiya yana kwance, bai yi shaidar Kristi ba ko da sunan Yesu yana cikin kowane baiti. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

6. Abin da ya kamata mu yi

Ku iyaye, kada ku yi saurin ƙwace waya. Ku zauna da ɗanku, ku ce ya kunna muku waƙar, ya kuma bayyana ma'anarta. In kiɗa ya sake, rawa ma takan sake, amma Ubangijin da ake yabo bai sake ba. Ku matasa, ku karɓi gyara, kada kuma waƙar waya ta maye gurbin addu'ar safe, da karatun Littafi, da zuwa Misa ran Lahadi. Katikis da shugabannin matasa su keɓe yamma ɗaya a wata, a saurari waƙa ɗaya tare, a auna ta da tambayoyin nan huɗu.

Mafi girma duka, waɗanda Allah ya ba baiwar tsara waƙa su bi sawun Waliyyi Ifraimu. Muna da Zabura 150, muna da misalan Yesu na mai shuka da na ma'aikatan gona, waɗanda kowane ɗan Kura ya san su da hannunsa. Ku tsara da Hausa mai kyau, ku kai wa Fada ya duba kalmomin, sa'an nan ku rera a taron matasa da bikin godiyar kaka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace waƙa ce ka fi saurara a makon nan, kuma me take koyarwa game da Allah?
2. Mene ne bambancin waƙar Misa da waƙar taron matasa?
3. Yaya iyaye da 'ya'ya za su yi wannan magana ba tare da faɗa ba?
4. Wace aya ce za mu iya mayarwa waƙa kafin idin Waliyyiya Sisiliya, ran 22 ga Nuwamba?

Addu'a

Ya Allah Uba, kai ne ka ba mu kunne da murya. Ka aiko da Ruhunka Mai Tsarki ya koya mana rarrabe mai kyau da marar kyau, ka haɗa zukatan iyaye da na 'ya'yansu, domin abin da muke rerawa da baki ya bayyana cikin zamanmu da maƙwabtanmu. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.