Rigar Ɗan Sama Jannati: Nazari Kan Matsalolin Ƙirarta

1.0 Gabatarwa

A wajen ɗan Adam, amfanin tufafi bai wuce rufe tsiraici da kare sanyi da kuma ado ba. Amma rigar da ɗan sama jannati ke sakawa idan zai fita wajen kumbo ta wuce nan, domin ita ce ke riƙe da ransa. A sararin samaniya babu iska ko kaɗan, kuma wanda ya fita ba riga zai suma cikin kamar daƙiƙa 15. Wannan maƙala za ta dubi matsaloli uku da suka sha wa masu ƙera rigar kai, wato matsin iska da numfashi da zafin jiki, tare da nuna yadda maganin kowacce kan haifi wata sabuwa.

2.0 Matsin Iska

Iskar duniya tana danne jikin mutum ta kowace fuska, kuma a kan wannan danniya aka gina jikin. Idan babu ita, ruwan jiki zai soma zama tururi, huhu kuma ya kasa kai iska cikin jini. Saboda haka dole a hura rigar. To amma rigar da aka hura a inda babu iska takan sandare kamar tayar mota.

Ranar 18 ga Maris, 1965, Alexei Leonov na Tarayyar Sobiyet ya zama mutum na farko da ya fita waje, daga kumbon Voskhod 2. Bayan kamar minti 12, rigarsa ta kumbura har komawa ta gagare shi. Sai da ya buɗe mafitar iska ya rage matsin, sannan ya iya kutsawa ta ƙofa. Don sauƙaƙa motsi, matsin da ke cikin rigunan Amurka bai kai sulusin na doron ƙasa ba.

3.0 Numfashi

Rage matsi ya zo da nasa sharaɗi. Iskar duniya kashi 21 ne kawai cikin 100 nata oksijin. Idan aka rage matsinta haka, abin da zai saura ba zai riƙe rai ba. Shi ya sa ake cika rigar da oksijin zalla. Sai dai kuma jinin mutum cike yake da iskar naitirojin, wadda kan yi kumfa idan matsi ya faɗi farat ɗaya, kamar kwalbar lemon da aka ɓalle wa marfi. Wannan kan jawo ciwon gaɓoɓi, har ma da shanyewar jiki. Maganinsa shi ne a ɗauki lokaci ana shaƙar oksijin zalla kafin fita.

Har ila yau, tun da rigar a rufe take ruf, gurɓatacciyar iskar da mutum ke fitarwa za ta taru ta halaka shi. A jakar baya ta rigunan Afolo, waɗanda aka taka wata da su daga 1969 zuwa 1972, fanka ce ke kora wannan iska ta cikin sinadarin litiyam haidiroksaid, shi kuwa ya tsotse gubar.

4.0 Zafin Jiki

A gefen rana zafi kan kai digiri 120, a inuwa kuwa sanyi kan wuce digiri 100 ƙasa da sifiri. An tare wannan da rufi a kan rufi na yadudduka masu mayar da haske. Amma rufin da ya hana zafi shiga, shi ne kuma ya hana zafin jiki fita. A watan Yunin 1966, Eugene Cernan na kumbon Gemini 9 ya jiƙe sharkaf da gumi, gilashin kwalkwalinsa ya yi raɓa har ya daina gani, dole aka katse aikinsa, domin iska kaɗai ke sanyaya rigar.

A rigunan Afolo sai aka koma ga ruwa. Ana saka 'yar ciki mai siraran bututu, ruwa na zagayawa yana kwashe zafi zuwa jakar baya. A can ana barin wani ruwan ya tsattsafo ta faifan ƙarfe mai ƙananan huji, ya daskare, sannan ƙanƙarar ta tashi ta zama tururi, ta tafi da zafin. Hikimar ta yi kama da ta randa, wadda tsattsafo ke sanyaya ruwanta.

Ruwan ma bai bar mutane sun huta ba. Ranar 16 ga Yuli, 2013, wata matata ta toshe a rigar Luca Parmitano, ɗan Italiya, yana aiki a wajen Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. Ruwa kamar lita ɗaya da rabi ya taru a kwalkwalinsa. Da yake a can ruwa ba ya gangarawa ƙasa, sai ya manne masa a ido da hanci da kunne, ya koma da lalube. Saura ƙiris garin neman gira a rasa ido. Daga nan aka ƙara wa kwalkwalin ƙyalle mai shan ruwa da bututun numfashi na ko-ta-kwana.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa babu ɓangaren rigar da ke zaman kansa; taɓa ɗaya, taɓa saura ne. Shi ya sa tun 1966 ake horar da masu fita a cikin tafkin ruwa da rigunansu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.