Mai-Bi da Mudunsa

Karatu: Amos 8:4-7, Luka 19:1-10

'Yan'uwa cikin Ubangiji, ran Lahadi mukan sa tufafi masu-kyau mu tafi sujada. Amma maƙwabtanmu ba su shiga majami'a su gan mu. A kasuwa su ke ganinmu. Can ne su ke auna bangaskiyarmu da mudun da mu ke auna masu hatsi.

1. Allah yana duban mudu

Amos makiyayi ne daga Tekoa ta ƙasar Yahuda. Allah ya aike shi wurin Isra'ila a zamanin sarki Yerobowam na 2, wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu. Mutanen nan suna kai hadaya, suna kiyaye Asabar, amma zuciyarsu tana ɗokin ranar ta wuce domin su buɗe rumbu. Sa'an nan su rage mudu, su ƙara kuɗi, su sayar ma matalauci har da ƙaiƙayin alkama. Allah kuwa ya rantse ba za ya manta da ayyukansu ba. Tun cikin Kubawar Shari'a 25 ya hana mutum ajiye mudu biyu a gidansa, babba da ƙarami.

2. Mudu biyu a wurinmu

Kada mu ce wannan laifin mutanen dā ne. Akwai mai-sayen dawa da babban mudu, ya sayar da wanda aka buge gindinsa. Akwai mai-zuba ruwa cikin nono, da mai-yayyafa ma auduga ruwa domin ta yi nauyi, da mai-jera manyan albasa a bakin buhu, ruɓaɓɓu a ƙasa. Idan mai-bi ya yi irin wannan algus, da wane baki za ya gaya ma mai-sayen labarin Yesu? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da aka gane, sunan Ubangijinsa za a zaga.

3. Tuba tana maida abin da aka ci

Zakka shugaban masu-karɓan haraji ne a Yariko, mai-arziki kuwa. Sa'anda Yesu ya shiga gidansa, ya tashi ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zambata kuma ya maida masa riɓi 4. Ba da wannan ya sayi ceto ba, gama ceto kyautar Allah ne. Amma sabuwar zuciya ta kai har aljihunsa. Ɗan'uwa, idan ka san wanda ka cuta, je ka same shi cikin makon nan. Da wuya, da kunya kuma, amma salama tana bayanta.

4. Girma kaɗan-kaɗan

Gero ba ya nuna ranar da aka shuka shi. Haka halin mai-bi ke girma: yau ya cika mudu, gobe ya biya bashi a kan lokaci, jibi ya faɗi aibin akuya kafin a yi ciniki. Wataƙila riba ta ragu. Ka roƙi Ruhu Mai-Tsarki kowace safiya kafin ka fita, shi za ya ƙarfafa ka.

Tambayoyi

(a) Wane zunubi Amos ya gani a kasuwa?
(b) Me ya nuna Zakka ya tuba da gaske?
(c) Cikin sana'arka, ina jaraba ta fi ƙarfi?

Ayar haddacewa: Misalai 11:1