Yadda Ake Gina Labarin Ɓarayi Mai Sauri da Ban Dariya

Ka sani, ya kai mai nufin rubuta labarin sata wanda zai hana mai karatu barci, ya kuma sa shi dariya shi kaɗai a ɗaka, cewa wannan fanni yana da ƙa'idoji kamar sauran fannoni, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtarsu ita ce a ɗauki littafi guda wanda ya cika sharuɗɗa a warware ɗinkinsa. Wanda na zaɓa shi ne The Hot Rock, na Donald Westlake mutumin Amurka, wanda aka buga a shekarar 1970.

Abu na farko da ya wajaba a kanka shi ne ka tsai da abin nema guda ɗaya tak, wanda hannu zai iya ɗauka, aljihu ya ɓoye, domin muddin mai karatu ya san abin da ake bi, ba zai ɓace maka ba komai gudun labarin. Westlake ya ɗauki dutsen zumurrudu da aka baje kolinsa a birnin New York, wanda wasu ƙasashe biyu na Afirka, ƙirƙirarru, kowace ke da'awar nata ne, har jakadan ɗayarsu, Manjo Iko, ya yi hayar ɓarayi su sato masa.

Bayan haka sai ka zaɓi shugaban ɓarayin, kuma a nan ne mafi yawan marubuta suke zamewa, saboda zaton da suke yi wai labarin dariya wawa yake bukata. Alhali kuwa Dortmunder, shugaban ɓarayin wannan littafi, gwani ne wajen tsara sata, mai haƙuri, mai ɗaure fuska, wanda bai san akwai abin dariya a al'amarinsa ba, illa dai ƙaddara ta sa shi gaba. Asalinsa ma akwai fa'ida a ciki: Westlake ya daɗe yana rubuta littattafai masu tsanani da sunan aro Richard Stark a kan wani ɓarawo marar imani, Parker, kuma da shi ya fara wannan labari, da ya ga satar abu guda sau da yawa ta ƙi zama komai sai abin dariya, sai ya ƙago wani mutum wanda zai iya ɗaukar wannan wulaƙanci. Abokan aikin shugaban kuwa, ka ba kowa sana'a guda da lalura guda: direbansu Murch ba shi da zance sai na hanyar da ya biyo, gwanin buɗe makulli Chefwick kuma zuciyarsa na wajen jiragen ƙasa na wasan yara.

Sa'an nan ka shimfiɗa wa mai karatu dabarar satar filla-filla, da sa'a da ƙofa da mai gadi, har ya gamsu ba ta da aibi, kana ka rushe ta da wani ƙaramin sababi wanda hankali zai karɓa. Idan ba ka nuna masa shirin ba, rushewarsa ba za ta ba shi dariya ba, gama bai san abin da ya lalace ba.

Mataki mafi wuya shi ne kowace asara ta haifi ta gaba, ta kuma fi ta girma. Su Dortmunder sun saci dutsen, amma aka kama ɗayansu, Greenwood, wanda ya haɗiye shi. Suka fasa kurkuku suka fito da shi, ashe ya ɓoye dutsen a ɗakin tsare mutane na ofishin 'yan sanda. Suka dira a ofishin da jirgi mai saukar ungulu, ashe lauyansa ya riga su, ya kuma fake a asibitin masu taɓin hankali. Suka kutsa can da ƙaramin kan jirgin ƙasa, sai ga dutsen yana akwatin ajiya na banki. Dubi yadda babu aukuwa guda da za ka cire ba tare da sarƙar ta tsinke ba. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya san daɗin sake gamuwa da Malam Zurƙe a sabon gari. To irin wannan jiran ne kake so ka dasa, mai karatu ya tabbata masifa na tafe, amma bai san ta wace ƙofa ba.

Game da sauri, magana kaɗan ce: ka taƙaita babi, ka shiga majalisi bayan an fara gardama, ka fita kafin a yi sallama, kuma abin da baki zai iya faɗa kada ka tsaya siffanta shi.

Akwai kuma mas'alar jini, wadda a ganina mizani take bukata. Dole tsoron kamu da ɗauri ya kasance na haƙiƙa, in ba haka ba zuciya ba za ta buga ba. Amma da zarar ka kwantar da gawar marar laifi a gaban mai karatu, dariya ta ƙare, tausayin ɓarayinka ma ya tafi. Mutanen Dortmunder kansu suka fi wahalarwa, shi ya sa ake yafe musu.

Idan ka kammala, ka sami mutum guda wanda ba ya jin kunyarka, ka karanta masa da babbar murya, kana lura da fuskarsa. Duk inda ya waiwaya ko ya yi hamma ka sa alama da alƙalami, ka koma ka soke wurin, ko da kuwa shi ne shafin da ka fi ƙauna.