Darasin Lafiya: In Jini Ya Ƙaranta A Ƙwaƙwalwa

Jama'a, duk manomin da ya taɓa noman rani a fadamar Argungu ko ta Birnin Kebbi ya san aikin tiyo. Inji yana jawo ruwa daga gulbi ko rijiya, tiyo ya kai shi fangali. In tiyon ya lanƙwashe, ko laka ta taru a ciki, ruwa ba ya tsayawa ɗungum. Yana zuwa, amma kaɗan kaɗan. Wane fangali ke fara jin jiki? Na can ƙarshe, wanda ya fi nisa da inji. Shinkafarsa ba ta mutuwa rana ɗaya. Sai ta yi ja, ta tsumbure, ta ƙi yin kai.

To, haka abin yake a jikin ɗan Adam. Zuciya ita ce inji. Jijiyoyin jini su ne tiyo. Ƙwaƙwalwa kuwa gona ce mai shan ruwa ƙwarai. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma in an kasa iskar da jiki ke amfani da ita kashi 5, ita kaɗai ke cinye kashi 1. A kowane minti jinin da ke ratsa ta ya kai cikin kwalbar lemo biyu. Manyan jijiyoyi huɗu ke kai mata shi, biyu ta gaban wuya, biyu ta baya. Daga nan su rarrabu, su yi ta sirancewa, har wasu su fi gashin kai siranta. Kuma ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Ba ta ajiye abincin gobe.

In jijiya ta toshe farat ɗaya, shi ne ake samun shanyewar ɓarin jiki. Wannan kowa ya san shi. Darasinmu na yau a kan ɗan'uwansa ne mai zuwa a sace. Jini yana zuwa, amma bai isa ba, shekara da shekaru.

Babban mai jawo haka shi ne hawan jini. In jini ya daɗe yana bugun jijiya da ƙarfi, bangonta sai ya yi kauri, ya yi tauri, hanyar ta tsuke. Ciwon suga, kitse a cikin jini da shan taba su ma suna yin wannan ɓarna. Ƙananan jijiyoyin da ke shiga can tsakiyar ƙwaƙwalwa su suka fi wahala, don su ne fangalin ƙarshe.

Daga nan sai kumburi ya shigo. Ku lura, ba kumburin da ido ke gani ba ne, kan mutum ba ya ƙara girma. Ku tuna ranar da ƙaya ta soke ku a ƙafa. Wurin ya yi zafi, ya tasa. Jiki ne ke yaƙi da ƙazanta, in an cire ƙayar sai ya sace. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta masu aikin gadi da shara, likitoci na kiransu maikurogiliya. In suka ji wuri yana yunwar jini sai su taso, su zuba abubuwa masu zafi don su share abin da ya lalace. Da abin na kwana biyu ne da ya yi amfani. Amma ƙayar nan ba ta fita, don jijiyar tana nan a tsuke. Sai masu gadin su ƙi kwanciya, har su fara cin mai lafiya.

Abin da suka fi ci shi ne wani farin rufi da ke jikin zaren da ke kai saƙo daga sashe zuwa sashe na ƙwaƙwalwa. Kamar robar da ke jikin wayar lantarki yake. In ya zaizaye, saƙo ba ya isa da sauri. Wani likita mai suna Otto Binswanger ya bayyana irin wannan lalacewa a Jamus tun 1894. Yanzu akwai na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna tabon.

Yaya ake gane shi a gida? Dattijon da ya saba lissafin buhunan shinkafa da ka, sai ya koma yana daɗewa kafin ya ba da amsa. Tafiya ta zama gajerun taku, kamar ƙafa na manne da ƙasa. Fitsari ya riƙa kufce masa. Ya daina sha'awar zuwa majalisa. Wani ya yi ta mantuwa, wani ya yi kuka ko faɗa ba dalili. Mu kan ce gigin tsufa ne, mu bar shi. Abin takaici ma, in tsohuwa ce, a wasu garuruwa har a laƙa mata maita ko a ce iska ce. Ciwo ne, kuma akwai abin yi.

Gaskiya, abin da ya riga ya mutu a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Amma ana iya rage saurin ɓarnar, kuma ana iya tare ta tun ba ta fara ba. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo shanyewar jiki. Ya kuma nuna masu cin ganye kullum sun fi samun sauƙi. Zogale, rama da alayyaho ba su fi ƙarfin kowa ba a ƙasar Kabi.

Hawan jini sau da yawa ba ya ciwon kai, ba ya jiri. Awo kaɗai ke tona shi. A je asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, ko ɗakin shan magani mafi kusa, a miƙa hannu a ɗaura abin awo. In ana yawan samun 140 bisa 90 ko fiye, jini ya hau. Wanda aka ɗora wa magani kada ya daina don ya ji garau. A rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma ɗunkulen miya ma gishiri ne a cikinsa.

Yara masu amosanin jini, wato sikila, su ma ƙwaƙwalwarsu kan yi ƙarancin jini a ɓoye. In irin wannan yaro ya fara ja da baya a karatu, a faɗa wa likita kafin a ɗauki bulala.

In kuwa baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a jira gari ya waye. A nemi mota.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya je a auna jininsa kafin fitowar jarida ta gaba. Ya rubuta lambobin biyu da kwanan wata a littafinsa da hannunsa, ya zo ya karanta wa malami.